Yadda Za Ka Yi Rubutu da Bakinka Lokacin da Gari Ya Rabu

A Kano, kafin mai karatu ya kai layi na biyu na rubutunka ya riga ya fara laluben gidan da kake: mai jar hula ne ko kishiyarsa, ɗan fadar Ƙofar Kudu ne ko ɗan fadar Nasarawa. Tun da rikicin masarauta ya dawo sabo a watan Mayun 2024 abin ya ƙara tsanani. Matasan da ke kawo mini rubutunsu in duba, wannan ne ke kashe musu gwiwa. Wasu sun ajiye alƙalami, wasu kuma sun koma maimaita abin da sojojin baka suka faɗa a rediyo daren jiya. Ga hanyar da nake ɗora su a kai, ni ma ita nake bi.

Ka sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ka ware shi. Ban ce waya ba, domin waya tana sa mutum ya yi rubutu yana hangen masu tafi. Kowane dare ka rubuta kwanan wata da abu ɗaya da idonka ya gani a ranar, ba tare da sharhi ba. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya rubuta cewa talaka na cikin wani hali, kuma babu wanda ya tuna waɗannan rubuce-rubucen. A littafina abin da na rubuta shi ne wata dattijuwa da muka shiga a daidaita sahu tare. Da direba ya faɗi kuɗin mota sai ta kwance bakin zaninta, ta ƙirga abin da ke ciki, ta sake ƙirgawa, sannan ta ce, “Ɗana, sauke ni a Ƙofar Mazugal, na ƙarasa da ƙafa.” Rana kuwa ta take. Babu jam'iyyar da za ta iya ƙaryata wannan, kuma babu wanda zai rubuta shi sai wanda ya zauna kusa da ita. Muryarka daga irin wannan take fitowa: farashin kwano a kasuwar Rimi, abin da mai shayin layinku ya daina sayarwa, yaron maƙwabta da aka cire daga makarantar kuɗi.

Idan za ka fitar da rubutu daga littafin, ka raba maganarka gida uku, kada ka bari su cakuɗe: abin da ka gani, abin da aka faɗa maka, da abin da kake zato. Kowanne ka kira shi da sunansa a cikin rubutun. A kwanakin zanga-zangar tsadar rayuwa ta farkon Agustan 2024, da aka sa dokar hana fita, yawancinmu muna cikin gida, labari sai ta WhatsApp. Wanda ya rubuta “na ji harbi daga wajen titi bayan azahar, ban san wanda ya yi ba” ya fi mini wanda ya zayyana gawawwakin da bai gani ba. Gani ya kori ji.

Sai tankaɗe. Ka bi rubutun layi-layi, ka cire duk kalmar da ta zama kayan yaƙin wani ɓangare: maƙiya Kano, maciya amana, 'yan amshin shata. Da zarar mai karatu ya ci karo da ɗaya daga cikinsu ya gama yanke maka hukunci, sauran ba zai karanta ba. Bayan nan ka nemi wani aminin da kuka saɓa a siyasa, ka karanta masa da baki a majalisa. Inda ya ce “ban yarda ba, amma haka aka yi”, ka bar wurin. Inda harshenka ya sarƙe, jimlar ba taka ba ce, ka sake ta yadda za ka faɗa wa yayanka a zaure.

Kada ka ɗauka ina cewa ka zama ɗan ba-ruwana. Garin nan bai san marubuci marar matsaya ba. A nan aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, kuma waƙoƙin su Mudi Sipikin suna cikin abin da ya kai saƙonta lungu-lungu, a zamanin da shiga jam'iyyar kan jawo wa mutum bulala da kurkuku. A nan kuma aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Abubakar Rimi shawara kan siyasa, a tarzomar 10 ga Yulin 1981. Ka ware yini guda ka je Gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano da yanzu ke ƙarƙashin Jami'ar Bayero, ka ga ɗakin da mutumin ya zauna. Ka ɗauki matsaya, amma ta zama wadda ka kai gare ta da tunaninka, wadda za ka iya riƙewa ko gwaninka ne ya yi ba daidai ba. Shi ya sa nake roƙon ƙannena kada su karɓi kuɗin data daga hannun ɗan siyasa. Ranar da ka karɓa, ranar ka sayar da ikon cewa “wannan kam kuskure ne”.

Ka kuma san doka. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ka 'yancin faɗin albarkacin bakinka, amma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, an sha kama mutane da shi kan abin da suka wallafa. Don haka ka soki aiki, ka bar iyalin mutum da halittarsa. In ka ce an yi watsi da aikin magudanar ruwa a unguwarku, ka ajiye hotonsa da ranar da ka ɗauka. Kada ka ambaci sunan maƙwabci ko wurin sana'ar wanda ya ba ka labari. Kai ka zaɓi ka yi magana, shi bai zaɓa ba. Abin da ka rubuta cikin fushi kuwa, ka bar shi ya kwana, ka sake karantawa bayan sallar asuba.

Wajen fitarwa, Facebook ya isa ga gajeren rubutu, sai dai ka riƙa ajiye kwafi a wani wuri. Ƙungiyar marubuta ta ANA tana da reshe a Kano, inda ake zaman karatu ana yi wa juna gyara. Ka je da shafi biyu, ka saurari abin da za a ce. In kuma littafi kake son bugawa, ka fara tambayar ƙa'idojin Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jiha, wadda aka kafa a 2001, kafin ka kai wa maɗaba'a kuɗinka.