Cajar mota tana kamawa tana saki: kurakuran da aka fi yi

Kuskuren farko shi ne saurin sayen sabuwar caja. Direba ya taso daga Katsina zai tafi Daura, waya na caji lafiya lau, da an shiga gargada ta ɗauke. Yana sauka tasha sai ya sayi wata, ita ma ta yi masa haka. Sau da yawa laifin yana cikin ramin laitar da ake soka cajar. Ƙurar hunturu tana taruwa a ƙasansa, ta haɗu da tsatsa ko tokar sigari, tsinin cajar ya kasa taɓa ƙarfen da ke ba shi wuta. A kashe mota, a zare makulli, a goge ramin da auduga a kan tsinke, a hure. Kada a sa sukuddireba ko makulli, domin akwai motocin da soket ɗinsu yana da wuta ko an kashe inji, ƙarfe na haɗa tsakiya da gefe fis, wato ɗan abin da ke katse wuta in ta yi yawa, ya ƙone.

Sai masu cusa takarda ko tsinken ashana don caja ta tsaya. Ka dubi gefen cajar da kyau, za ka ga ƙananan ƙarafa biyu masu lotsawa. Su ke riƙe ta, kuma ta nan wutar ke zagayawa. In sun kwanta, a ɗan ɗago su da farce. Tsinin gaba ma akwai sifirin a bayansa. Ka danna shi da yatsa, in bai dawo ba, to yanzu kam a sayi wata.

Fis kuwa, nan ne ake yin gangancin da ya fi muni. Na soket yawanci amfiya 10 ne zuwa 20, lambar tana rubuce a kansa. In ya ƙone, a sa mai lamba ɗaya da shi. Wani zai ce maka, "Alhaji, bari mu ɗaura wayar wuta a madadin fis ɗin ka lallaɓa." Kada ka yarda, haka wayarin mota ke narkewa. In sabon fis ya sake ƙonewa nan take, leƙa ramin ko ƙusa ko kwabo ya faɗa ciki, in babu, mai wayarin za a nema.

Igiyar caja ana mantawa da ita, alhali ta fi komai saurin lalacewa, musamman a wuya inda ake lanƙwasa ta. Gwada wata kafin ka zargi mota. Bakin cajin waya ma yana cika da dattin aljihu, tsinken sakace ya isa a fito da shi a hankali.

Wayar da aka ɗora a dashbod cikin ranar Afrilu kan dakatar da caji da kanta saboda zafi, sai a kai ta inuwa. Masu manyan motoci kuma su duba jikin caja: tirela wutarta bolt 24 ce, ƙaramar mota 12, ba kowace caja ke ɗaukar duka biyun ba.