Yadda ake tsara ayyuka da isar da saƙo tsakaninsu a RTOS

A na'urar da ke aiki da ƙayyadadden lokaci, kamar mai sarrafa injin mota, amsar da ta makara daidai take da wadda ba ta zo ba. Shi ya sa kafin ka rubuta ko layi ɗaya na manhaja a RTOS, wato babbar manhajar da ke raba wa ayyuka lokaci a irin wannan na'ura, kamar FreeRTOS ko Zephyr ko VxWorks, ya kamata ka ɗauki takarda ka rubuta kowane aiki tare da abubuwa biyu: bayan tsawon wane lokaci yake maimaituwa, da kuma mafi tsawon lokacin da zai iya cinyewa a kan firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar.

A ce kana da ayyuka uku. Na farko yana karanta na'urar auna zafi duk bayan milisakan 10, yana cin milisakan 2. Na biyu yana sarrafa inji duk bayan milisakan 20, yana cin 5. Na uku kuwa yana sabunta allo duk bayan milisakan 100, yana cin 15. Jimillar nauyinsu kashi 60 cikin ɗari ne na lokacin firosesa. Ka'idar da masana kwamfuta Liu da Layland suka fito da ita a 1973 ta nuna cewa aikin da ya fi saurin maimaituwa shi ya kamata a ba fifiko mafi girma, kuma idan ayyukan uku ne, muddin nauyinsu bai wuce kimanin kashi 78 ba, dukkansu za su cika wa'adinsu. Kuskuren da na fi gani a nan shi ne mutum ya raba fifiko gwargwadon abin da yake ganin ya fi muhimmanci a idonsa, alhali wa'adi ne ya kamata ya yanke hukunci. Ka kuma lura cewa a FreeRTOS babbar lamba ita ce babban fifiko, a Zephyr kuwa akasin haka ne. Aikin da ke maimaituwa a FreeRTOS a jinkirta shi da umarnin vTaskDelayUntil, domin takwararta vTaskDelay tana ƙirga lokaci daga inda aikin ya tsaya, sai zagayen ya riƙa zamewa sannu a hankali.

Wajen isar da bayani, layin saƙo, wato inda saƙonni ke jeruwa har a karɓe su ɗaya bayan ɗaya, ya fi aminci fiye da ma'ajiya guda da kowa ke sa hannu a ciki. Aikin auna zafi ya zuba sakamakonsa a layi, mai sarrafa inji kuwa ya yi barci har saƙo ya iso, ba tare da ya ɓata lokacin firosesa ba. Idan saƙon daga cikin katsewa yake fitowa, wato gajeren aikin gaggawa da ke dakatar da sauran ayyuka idan na'ura ta ba da sigina, umarnin xQueueSendFromISR na FreeRTOS za ka kira, ka fita da wuri, ka bar wa aiki na yau da kullum sauran lissafin.

Inda ba makawa sai ayyuka biyu sun yi tarayya a abu guda, sai a kulle shi da mutex, wato makullin da aiki ɗaya kaɗai ke iya riƙewa a lokaci guda, kuma a nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan matuƙa. A 1997, bayan kumbon Mars Pathfinder ya sauka a duniyar Mars, kwamfutarsa mai amfani da VxWorks ta riƙa sake tashi da kanta. Dalili shi ne wani ƙaramin aiki mai tattara bayanan yanayi ya riƙe makulli, babban aiki yana jiransa, sai ayyuka masu matsakaicin fifiko suka shiga tsakani suka hana ƙaramin gamawa, har agogon tsaro, mai lura ko aiki ya maƙale, ya ga wa'adi ya wuce ya sake kunna na'urar. Injiniyoyi sun gyara matsalar daga nan duniya ta hanyar kunna gadon fifiko, wato mai riƙe da makulli ya ari matsayin babban da ke jiransa har ya saki. Mutex na FreeRTOS yana da wannan tsari, semafo mai hali biyu kuwa, wato alamar da ke nuna buɗe ko rufe kawai, ba shi da shi, don haka ka bar semafo wajen ba da sigina, mutex kuma wajen kulle kayan tarayya, ka riƙe shi na ɗan gajeren lokaci, kuma kada ka taɓa ɗaukarsa daga cikin katsewa.