Yadda Ake Gyara Bidiyon da Murya Ta Saɓa da Motsin Baki

Mai kallo zai iya haƙuri da hoton da ya ɗan yi duhu, amma ba zai daɗe a gaban bidiyon da baki ke motsi daban, murya na tafiya daban ba. Abin da ke ɓata wa masu tace bidiyo lokaci shi ne gaggawar jan murya gaba ko baya tun ba su gano irin saɓanin da ke gabansu ba. Saɓanin iri uku ne, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan aiki.

Da farko, tabbatar ba na'urarka ce ke ruɗa ka ba

Cire hedifon na Bluetooth, domin yakan jinkirta sauti da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ko fiye. Sa wanda ake jonawa da waya. Idan kuma kwamfutar na sarƙewa da fayil mai nauyi, kamar 4K a tsarin H.265, fitar da minti ɗaya ka kalla a wajen manhajar tace bidiyon. In ya fito daidai, aikinka lafiya lau yake, kwamfutar ce ta gaji, sai ka yi wa fayilolin kwafi marasa nauyi ka ci gaba da su.

Auna saɓanin a wuri uku

Duba farkon ɗaukar, tsakiya, da ƙarshe. Idan an yi tafi a gaban kyamara, nemi firem ɗin (wato hoto guda cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo) da tafukan hannu suka haɗu, ka duba ko tsinin da ƙarar tafin ta yi a zanen sautin ya faɗo a kansa. Idan ba a yi ba, nemi inda mai magana ya furta b, ɓ ko m. Faɗaɗa layin tacewa, ka riƙa matsawa firem ɗaya-ɗaya: za ka ga leɓɓa sun rufe ruf, zanen sautin ya tsuke, sannan ya buɗe daidai lokacin da bakin ya buɗe. Rubuta yawan firem ɗin da aka saɓa a kowane wuri. A bidiyo mai firem 25 a daƙiƙa, kowane firem milidaƙiƙa 40 ne.

Idan tazarar ɗaya ce ko'ina

Wannan shi ne mai sauƙi. Raba sautin da hoton, matsar da shi gwargwadon tazarar, ka sake ɗaure su. Idan dole ne ka bar ɗan kuskure, gara murya ta ɗan makara da a ce ta riga baki, domin ido ya saba ganin abu kafin kunne ya ji shi.

Idan tazarar na ƙaruwa a hankali

Nan ne ake buƙatar natsuwa, kuma yawan tazarar ne zai nuna maka mai laifin. Buɗe fayilolin a MediaInfo, manhaja ce ta kyauta da ke nuna bayanan fayil, ka kwatanta da saitin aikinka.

Idan a cikin awa guda an samu tazarar kusan daƙiƙa 3.6, to an haɗa gudun firem 23.976 a daƙiƙa da 24 ne, ko 29.97 da 30. Lambobin sun yi kama, shi ya sa ake raina su, amma bambancin kashi 0.1 cikin ɗari ne, kuma taruwa yake yi. Idan saɓanin ya bayyana tun cikin minti na farko, duba ko an fassara hoto mai firem 25 a matsayin mai 24, wanda bambancinsa ya kai kusan kashi 4 cikin ɗari. Idan kuma murya ta sirance tana sauri, mai yiwuwa sautin 44.1 kHz ne ake karantawa a matsayin 48 kHz (lambar na nuna sau dubu nawa ake ɗaukar samfurin sauti a daƙiƙa). Ma'aunin aikin bidiyo 48 ne. Juya fayil ɗin zuwa 48 da manhajar sauti, juyi na gaske, ba sauya lambar da ke jikinsa kawai ba.

Wani lokaci duk lambobin sun yi daidai, amma a ƙarshen doguwar hira sai ka tarar da tazarar firem biyar ko shida. Idan an ɗauki sautin da rikoda daban, agogon cikinta ne da na kyamara ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. Daidaita farkon, sannan ka miƙe sautin ko ka tsuke shi kaɗan har ƙarshen ya zauna, tare da kunna zaɓin da ke hana muryar sauya amo. Ni na fi son wannan a kan yanka sauti gunduwa-gunduwa, domin kowane yanka sabon wuri ne da za a iya jin ɗinki.

Idan tazarar na zuwa tana komawa

Farko daidai, tsakiya a karkace, can gaba kuma ta dawo hanya. Kusan kullum wannan aikin wayar hannu ne ko manhajar ɗaukar fuskar kwamfuta. Suna ɗauka da gudun firem mai sauyawa, wato VFR: idan haske ya ragu ko na'urar ta yi zafi sai su rage yawan firem. MediaInfo zai nuna maka hakan a sashen hoto. Kada ka wahalar da kanka da jan sauti, ba zai zauna ba. Juya ainihin fayil ɗin zuwa tsayayyen gudu, wato CFR, da manhajar juya bidiyo kamar HandBrake ko Shutter Encoder, ka zaɓi adadin firem ɗin da aikinka ke kai. Idan akwai gyaran launi a gaba, fitar da shi a tsarin ProRes ko DNxHR ta Shutter Encoder don kada ingancin hoton ya zube. Ajiye na asalin, kada ka goge. Daga nan sai ka nuna wa manhajar tacewarka, kamar Premiere Pro ko DaVinci Resolve, sabon fayil ɗin a madadin tsohon, ka sake duba wuraren da ka yanka, domin wasu za su ɗan goce.

Kafin aiki na gaba

Ku tsayar da adadin firem ɗaya kai da mai ɗaukar hoto tun kafin a kunna kyamara, a sa kowace rikoda a 48 kHz. Saita aikin a manhaja kafin ka shigo da fayil ko ɗaya, musamman a Resolve, inda saitin firem na aikin ke kullewa da zarar an shigo da bidiyo. Sannan ka roƙi a yi tafi sau biyu a kowace doguwar ɗauka, ɗaya a farko, ɗaya kafin a kashe kyamara. Na farkon zai ba ka wurin farawa, na biyun ne zai gaya maka ko sautin ya zame a hanya, da kuma firem nawa.