Kurakuran da aka fi yi wajen rufin shingil lokacin sanyi

Wannan na 'yan uwa ne da ke Amurka da Kanada masu gina gida da hannunsu, don sau da yawa aiki kan ja ko kuɗi su tsinke har watan Nuwamba ya shigo rufi bai hau ba, ni ma haka ta faru da ni a Minesota. Shingil ba kwanon da muka saba da shi a gida ba ne, falle-falle ne na kwalta da aka yayyafa wa ƙananan tsakuwa, kuma da zarar sanyi ya yi ƙasa da digiri 4, wato 40 a ma'aunin Amurka, sai ya bushe ya yi tauri kamar ƙanzo, kana lanƙwasa shi ya tsage.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne dogaro da gam ɗin da ke jikinsa. Akwai wani layin kwalta a kowane falle wanda zafin rana ne ke narkar da shi ya manne da na ƙasansa, to da hunturu ina zafin? Kana iya buga ƙusa daidai, daga ƙasa ka ga rufi ya kwanta tsaf, amma bakinsa a sake yake har yanayi ya yi ɗumi. Ni iska ɗaya aka yi da daddare, da safe na tsinci falle uku a bayan gida, wallahi raina ya ɓaci sosai don gumina ne. Maganinsa ka manna da hannu, ka sayo kwaltar rufi ta cikin bututu, ka ɗiga kamar faɗin kwabon kwata (na senti 25) a ƙarƙashin bakin kowane falle ka danne. Kar ka ce bari in zuba da yawa ya fi kamawa, idan ta yi yawa kumbura shingil ɗin take yi daga baya.

Sai barin kaya a waje su kwana. Ka ajiye ɗaurin shingil a kwance a gareji mai ɗumi ko na kwana ɗaya ne, ka riƙa hawa da ɗaya ko biyu, in sun ƙare ka sauko ka ɗauko wasu. Da wahala, na sani, amma ya fi asara. Na kan tsololon rufi kuwa tunda dole a lanƙwasa su, ni cikin mota nake barinsu da hita a kunne sai zan buga nake ɗaukowa.

Bindigar ƙusa ma sai an lura. Iskar kwamfreso in ta yi ƙarfi kan ƙusar huda shingil yake ya wuce, ga shi kuma a daskare, nan take ya dare. Ka gwada a guntu tukuna ka daidaita har kan ƙusa ya kwanta daidai da fuska, ƙusa 4 a kowane falle a kan layin da kamfani ya zana, a yankin da iska ke kaɗawa da ƙarfi kuwa 6.

Wasu kuma don tsimi sai su tsallake ledar nan mai manne kanta da ake shimfiɗawa a bakin rufi. Dan Allah kar ka yi. Dusar ƙanƙara na narkewa a sama ta gangaro ta daskare a baki ta tare hanya, ruwa ya koma baya ya shige ƙarƙashin shingil ya sauko maka a silin. Dokar gini a wuraren sanyi ta ce ledar ta haura aƙalla inci 24 daga bangon waje zuwa ciki.

Kuma kar ka hau da sassafe. Raɓa na daskarewa a kan katako ba ka ko ganinta, santsi kamar an zuba kuɓewa, ga shi in ka rufe katako da danshi ruɓewa zai yi. Ka jira rana ta ɗaga katako ya bushe, ka ɗaura igiyar tsaro, kuma a samu wani a ƙasa yana riƙe maka tsani.