Yadda na kawar da shunayyar da ke kewaye Mushtari a hotunana

Na'urar hangen nesa da nake amfani da ita a Jidda irin mai tara haske da gilashi ce, kuma duk hoton Mushtari (wato Jupiter, ɗaya daga cikin duniyoyin da ke kewaya rana) da na ɗauka sai ya fito da wani zobe mai launin shunayya a gefensa, har layukan da ke jikinsa su dusashe. Dalilin shi ne gilashi ba ya karya dukkan launuka daidai wa daida, saboda haka shuɗi da shunayya suna haɗuwa a wani wuri dabam da inda kore da rawaya suke haɗuwa.

Maganin na same shi ne a tarihin manyan na'urori na da. Ta cibiyar binciken taurari ta Yerkes a Amurka, wadda aka buɗe a 1897 da gilashi mai faɗin inci 40, tana da wannan matsala duk da tsawonta, kuma masanin taurari George Ritchey ya samu kyawawan hotuna da ita ta hanyar sanya matacin haske mai launin rawaya a gaban farantin hoto. Na sayi irinsa na ɗaura a gaban kyamara, sannan na sake daidaita gani a kan hasken da ya rage, domin wannan mataki ne da mutane da yawa suke tsallakewa. Zoben ya kusan ɓacewa.

Sauran dusashewar kuwa daga zafi take. Yanzu ina fitar da na'urar daga ɗaki mai sanyi tun bayan sallar magariba domin zafinta ya daidaita da na waje, in jira Mushtari ya yi sama sosai, sannan in ɗauki bidiyo in haɗa hotunan da suka fi fitowa sarai.