Kwaɗo a ƙofa, mabuɗi a aljihun mai gadi: kurakuran da aka fi yi a wuraren kula da yara

A makarantun kwana da Islamiyyu da gidajen marayu na Kano, kuskuren da ya fi yawa yana bakin ƙofa. Tsoron ɓarayi da masu satar yara ya sa kowa ya ƙarfafa tsaro: tagogi an dasa musu ƙarfe, ƙofar baya an jibge karyayyun bencina a bakinta, babbar ƙofa kuma da kwaɗo. Tsoron ba na banza ba ne. Amma ka tambayi inda mabuɗin yake, sai a ce yana wajen mai gadi, shi kuwa ya leƙa wajen mai shayi. In wuta ta tashi a wannan lokaci, yaran ta ina za su bi? A Nuwamban 2015 gobarar dare a ɗakin kwanan makarantar 'yan mata ta Jogana ta ci ran ɗalibai 7. A Fabrairun 2025 almajirai 17 suka rasu a irin wannan gobara a Ƙaura Namoda.

Gyaran ba ya cin kuɗi sosai. Duk ɗakin da yara ke kwana ya zama yana da mafita biyu, kuma sakatarsa ta ciki ce, kada a kulle yara ta waje ko da da sunan tarbiyya ne. A kira mai walda ya mayar da ƙarfen taga ɗaya mai buɗewa. Mabuɗi a rataye shi inda manya biyu ko uku suka sani, kuma su iya lalubo shi ko babu wutar NEPA. Da hunturu, kaskon garwashi da maganin sauro mai hayaƙi ba sa kwana kusa da katifa. Janareta a waje yake zama, nesa da taga, domin hayaƙinsa yana kashe mutum cikin barci ba tare da ya farka ba.

Sai kuma rashin sanin adadin yara. Malam zai ce maka yana da "kamar ɗari da wani abu". Ranar tashin hankali wannan "wani abu" shi ne yaron da ya ɓuya a banɗaki ba wanda ya neme shi. A kira suna kowace safiya, littafin ya kasance inda za a iya fizgarsa a fita da shi, a kuma tsayar da wuri ɗaya da kowa zai taru, ko filin masallaci ko gindin wata bishiya. Haka in za a fita Maulidi ko musabaƙa: a ƙirga wajen tafiya, a ƙirga wajen dawowa, a kuma ƙi hawa abin da ya yi lodi fiye da kima. Jirgin ruwan da ya kife a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, akasarin waɗanda suka rasu a cikinsa 'yan Islamiyya ne masu tafiya Maulidi.

Wasu shugabannin suna da tsari mai kyau a rubuce, yana cikin durowa, ba wanda ya taɓa gwada shi. A buga ƙararrawa sau ɗaya kowane zango, a ga minti nawa ake ɗauka kafin kowa ya fito. Nan ne za ka gano cewa matakalar benen ba ta ɗaukar yara biyu a jere. Nan ne kuma za ka tuna da waɗanda aka fi mantawa: kurma ba ya jin ƙararrawa, makaho bai san ta inda aka bi ba, mai keken guragu ba zai sauko daga bene shi kaɗai ba. Kowane ɗaya a ɗora wa wani babba alhakinsa, da suna, ba "wani zai kula" ba. Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano na da ma'aikatan da suka san wannan aiki, a gayyace su. A manna lambar ofishin 'yan kwana-kwana mafi kusa a bango, tare da lambar kiran gaggawa ta 112.

Tukunyar kashe gobara, a duba allurarta da ranar ƙarewarta, sannan a koya wa mai girki yadda ake zare fil ɗinta. Wutar lantarki ko ta mai ba a zuba mata ruwa. A kashe mita, a yi amfani da yashi.

Wajen taimakon farko kuwa, al'ada ce ke kayar da mu. Yaro ya ƙone, sai a shafa masa manja ko ɗanyen ƙwai ko man goge baki. Ruwa mai sanyi kawai ake kwarara wa wurin kamar na minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a nufi asibiti. Mai farfaɗiya ba a cusa masa cokali a baki, ba a danne shi, ba a ɗura masa ruwa. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, in ya lafa a kwantar da shi ta gefe, in ta wuce minti 5 a yi asibiti da shi. Ya kamata littafin makaranta ya nuna wane ne mai sikila, wane ne mai asma, da lambar iyayensa. A kuma yi magana da wani mai a-daidaita-sahu na unguwa tun kafin buƙata ta taso, don kada a tsaya ciniki da yaro a hannu a hanyar asibitin Murtala ko na Hasiya Bayero.

Ɓoye cuta don gudun kada iyaye su kwashe 'ya'yansu, wannan ma kuskure ne babba. Mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 ta numfashi yake yaɗuwa, aji mai cunkoso kuwa shi ne gonarsa. Yaro mai zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya a ware shi, a sanar da asibiti mafi kusa a ranar, a duba katin rigakafin sauran.

Akwai kuskuren da ba a son faɗa. Mun saba zaton mugu daga waje yake zuwa, alhali Hanifa, yarinya 'yar shekara 5 da aka sace a ƙarshen 2021, mai makarantarsu ne kotu ta samu da laifin kisanta. Don haka sanayya ba ta wadatar. Duk wanda za a ɗauka aiki, malami ne ko direba ko mai shara, a bincika inda ya baro da dalilin barinsa. Kada babba ya keɓe da yaro a ɗaki a rufe. Ba a miƙa yaro ga wanda sunansa ba ya cikin littafi, ko da ya ce shi kawu ne, sai an kira uwar ko uban. In yaro ya kawo ƙarar wani babba, a saurare shi, a rubuta, a kai wa hukuma. Kada a ce a rufa wa makaranta asiri.