Yadda za ka haɗa fastar wasa da za ta ja mutanen da kake nema

Kafin ka buɗe manhajar zane irin su Canva ko CorelDraw ka fara jawo hotuna, ka fara tantance wa kake so ya tsaya gaban fastar nan, ɗan kallo ne ko ɗan wasa, don wallahi ba abu ɗaya idonsu ke nema ba. In wasan ƙwallon ƙafa ne kuma so kake fili ya cika, to abin da zai fi girma shi ne kulob biyun da za su kara, sai rana da lokaci da fili, sannan maganar tikiti. In kuwa gudun fanfalaki ne kana neman masu rajista, nisan za ka sa a gaba, kilomita 5 ne ko 10 ko rabi mai kilomita 21 ko cikakken na 42.195, da ranar rufe rajista, saboda mai gudu nisa yake fara dubawa kafin ya damu da sunan wanda ya shirya. Gasar yara kuma ka sani iyaye ne za su karanta ba yaran ba, su ko tambayarsu 'yan shekara nawa ake ɗauka, ƙarfe nawa za a tashi, wa zai kula da su in wani ya ji rauni. Amsa musu a jikin fastar kawai.

Hoto guda ɗaya ya isa, amma ya zama ana cikin wasa, mutum ya tashi sama ko yana tsaka da gudu fuskarsa na fitowa, ba mutum ashirin sun jeru sun harɗe hannu ba. Kuma don Allah kar ka ɗora hoton wani shahararren ɗan wasa da ba zai zo ba, yaudara ce, ga kuma rigimar haƙƙin mallaka. Gara ɗan wasan da za a gani a filin ranar.

Salon rubutu kar ya wuce biyu, mai kauri na kai, mai sauƙin karantawa na bayani. Kala kuma a samu bambanci sosai, fari ko rawaya kan duhu, baƙi kan haske, ja kan kore kam ido yake wahalarwa, wasu ma ba sa bambance su. Ka rubuta sunan ranar tare da kwanan wata, mutane sun fi riƙe "Asabar" a kai fiye da lamba. Masu ɗaukar nauyi za su so tambarinsu ya yi ƙato, ka lallashe su ka jera su a layi ɗaya can ƙasa.

Wajen bugawa nan ake yawan kwafsawa. Takarda mai girman A3 faɗinta milimita 297 tsawo 420, in a bango za a manna ana wucewa da mota to A2 ta fi. Ka yi aikin a 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto, ka mai da kalar zuwa CMYK, tsarin kalar injin bugawa, don abin da kake gani a sikirin wani tsarin ne daban mai suna RGB, in ba haka ba sai an buga za ka ga shuɗin nan mai sheƙi ya fito a dushe, ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Ka tura wa mai bugawa PDF, in ta WhatsApp ne a matsayin dokumen, don in ka tura a hoto matse shi yake yi ya lalace.

Ta waya daban za ka yi mata, faɗi da tsawo a ma'aunin fiksel, 1080 da 1920 na sitatus, 1080 da 1350 na Instagram, kuma ka rage rubutu sosai. In ka sa QR kod ka gwada shi da wayoyi biyu bayan an buga samfur. Sai ka nemi wani cikin irin mutanen da kake nema, wanda bai san da shirin ba, ka nuna masa na daƙiƙa kaɗan ka ɗauke, ka ce ya faɗa maka wane wasa ne, yaushe, a ina. Abin da ya kasa faɗa shi za ka koma ka ƙara wa girma.